Saƙar Gilashi da Tafiyar Ayon: Hanyar Samun Batir Marar Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi manyan turakun wutar lantarki zai ga waɗansu faya-fayan gilashi ko na tangaran a jere tsakanin waya da ƙarfen turke. Aikinsu shi ne su hana wuta bin turken ta sauka ƙasa. Wannan ne ya sa jama'a da dama suka ɗauka cewa gilashi da wutar lantarki ba sa ga maciji da juna. Amma tun a shekarar 1884 wani masanin kimiyya Bajamushe, Emil Warburg, ya nuna cewa idan aka zafafa gilashi aka haɗa shi da batir, sinadarin sodiyam yakan ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, alhali gilashin bai narke ba, bai kuma tsage ba. Wato dai a cikin abin da ido ke gani a daskare akwai hanyoyi, akwai kuma masu tafiya a kansu.

Yau wannan tsohon binciken ya zama abin da manyan ɗakunan bincike na duniya ke rububi a kansa, domin ana neman a maye gurbin ruwan da ke cikin batir da wani daskararren abu wanda ba ya zuba, ba ya kuma kama wuta. Gilashi yana cikin abubuwan da aka fi sa wa rai. Sai dai ba kowane gilashi ne zai iya wannan aiki ba. Gilashi biyu na iya kama da juna a ido, amma ɗaya ya fi ɗayan saurin wucewar ayon sau miliyoyi. Bambancin yana cikin yadda atam-atam ɗinsu suka saƙu da juna.

Aikin Ilektirolait a Cikin Batir

Kowane batir yana da sanduna biyu, ɗaya mai alamar ƙari, ɗaya mai alamar ragi, a tsakaninsu kuma akwai sinadarin da ake kira ilektirolait. A batirin mota, shi ne abin da masu cajin batir ke kira ruwan batir. Aikinsa iri biyu ne, kuma dole ya haɗa su duka: ya bar ayon su wuce, ya kuma tare ilektiron. Ayon dai atam ne da ya rasa ilektiron ɗaya ko fiye, ko kuwa ya samu ƙari, saboda haka yana ɗauke da caji. Idan aka tare ilektiron a cikin batir, ba su da mafita sai su biyo waya ta waje, a nan ne kuma suke kunna fitila ko wayar hannu.

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana amfani da ruwan da ke kama wuta kamar fetur. Idan batirin ya huje, ko ya yi zafi fiye da kima, ko sandunansa biyu suka gamu kai tsaye, yana iya tashi da wuta. A watan Janairun 2013 an dakatar da tashin jiragen sama samfurin Boeing 787 saboda matsalar batir, a 2016 kuma kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda irin wannan dalili. Daskararren ilektirolait zai rage wannan haɗari ƙwarai, muddin ayon za su iya tafiya a cikinsa da saurin da suke yi a cikin ruwa. Ana auna wannan sauri da ma'aunin simens a kowace santimita. Ruwan batirin litiyam yana ba da kimanin 0.01. Wannan shi ne mizanin da ake gwada kowane gilashi da shi.

Yadda Gilashi Ya Saƙu

Daskararrun abubuwa sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda atam-atam ɗinsu ke jere sahu-sahu, tsari ɗaya yana maimaita kansa ta kowace fuska, kamar gishirin miya ko dutsen lu'ulu'u. Su ake kira kiristal. Akwai kuma waɗanda aka sanyaya su da sauri daga narkakken ruwa, har suka daskare kafin atam-atam ɗin su sami sukunin shiga sahu. Wannan shi ne gilashi.

A shekarar 1932, William Zachariasen, ɗan asalin ƙasar Norwe da ke koyarwa a Jami'ar Shikago a Amurka, ya bayyana yadda cikin gilashi yake. A gilashin silika, wato yashi zalla da aka narkar, kowane atam na silikon yana zaune a tsakiyar atam huɗu na oksijin, sun yi siffar ƙaramar dala mai fuska huɗu. Kowane oksijin kuma yana riƙe da silikon biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, ya zama gada tsakanin dala da dala. A cikin kiristal ma haka abin yake. Inda suka bambanta shi ne kusurwar gadar. A kiristal kusurwar a kayyade take, amma a gilashi tana sauyawa daga gada zuwa gada, daga kimanin digiri 120 har zuwa 180. Saboda haka sai a sami raga mai idanu manya da ƙanana, ba kan gado, amma a ɗaure take ta ko'ina. Zachariasen bai ga wannan raga da idonsa ba, hankali da lissafi ne suka kai shi. Sai bayan shekara 80, a 2012, masu bincike a Jamus da Amurka suka ɗauki hoton wani siririn gilashin silika da na'urorin hangen atam, aka ga zobba masu kusurwa biyar, shida, bakwai da sauransu, kamar yadda ya zana.

Masu Saƙa da Masu Yanka

Gilashin silika zalla ba ya barin wutar lantarki ta wuce, domin duk atam-atam ɗinsa a ɗaure suke, babu wanda ke da 'yancin motsi. Bayan haka ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa tun zamanin Fir'aunonin Masar masu yin gilashi ke haɗa yashi da irin kanwar da ake haƙowa a busassun tafkuna, domin sodiyam ɗin da ke cikinta yana rage zafin da ake bukata. Gilashin taga da na kwalba na yau ya ƙunshi kimanin kashi 72 cikin ɗari na silika, kashi 14 na sinadarin sodiyam da oksijin, da kimanin kashi 10 na sinadarin kalsiyam da ake samu daga farar ƙasa.

Masana sun kasa sinadaran gilashi gida biyu. Masu saƙa su ne waɗanda ke gina ragar, kamar silikon, boron da fosfaras a haɗe da oksijin. Masu yanka kuwa su ne irin su litiyam, sodiyam da fotashiyam. Idan aka zuba sinadarin sodiyam da oksijin a cikin narkakken silika, oksijin ɗin da ya shigo yakan tsinka gada ɗaya. Inda a da oksijin ɗaya ke riƙe da silikon biyu, yanzu an sami oksijin biyu, kowane yana riƙe da silikon ɗaya tak, ɗaya hannun nasa a sake yana ɗauke da cajin ragi. Wannan shi ake kira oksijin marar gada. Ayon ɗin sodiyam biyu, masu cajin ƙari, sukan zauna kusa da waɗannan tsinkakkun bakuna. Ba a saƙa su cikin ragar ba. Jan da ke tsakanin caji biyu mabambanta ne kaɗai ke riƙe da su. Su ne matafiyan da Warburg ya gano.

A da an ɗauka cewa waɗannan ayon a warwatse suke ko'ina cikin gilashi. A 1985 Neville Greaves na ƙasar Birtaniya, bayan ya yi nazari da hasken ekis-re, ya nuna cewa ayon ɗin da oksijin marasa gada sukan taru wuri ɗaya, su yi waɗansu lunguna da ke ratsa ragar. Idan masu yanka kaɗan ne, lungunan a rarrabe suke, kowane ya ƙare a bango. Idan aka ƙara yawansu, lungu yakan haɗu da lungu har a sami hanyar da ta ratsa gilashin daga gefe zuwa gefe. Wannan ne ya sa ƙara yawan litiyam ko sodiyam ke ninka gudun ayon fiye da yadda ƙidayar matafiyan kaɗai za ta nuna.

Shingen da ke Gaban Ayon

Ayon ba ya kwarara a cikin gilashi kamar ruwa a famfo. Tsalle yake yi daga gurbi zuwa gurbi. Yana zaune a gurbinsa yana karkarwa saboda zafi, sau tiriliyan ɗaya ko fiye a cikin daƙiƙa guda, kuma kowace karkarwa yunƙuri ne na ficewa. Galibin yunƙurin ba ya cin nasara, domin akwai shinge a gabansa.

A 1954 masana biyu a Amurka, Orson Anderson da Derald Stuart, suka nuna cewa shingen nan hawa biyu ne. Na farko shi ne ƙarfin da ayon ke bukata ya kuɓuce daga riƙon oksijin marar gada. Na biyu shi ne ƙarfin da zai tura atam-atam ɗin ragar gefe domin ya ratsa ƙofar da ke tsakanin gurbinsa da na gaba, domin sau da yawa ƙofar ta fi shi ƙanƙanta. Jimillar waɗannan biyu ita ce tsawon shingen, kuma ana auna ta da ma'aunin ilektiron-bolt.

Abin lura a nan shi ne ɗan ragi kaɗan a tsawon shingen yana haifar da babban canji. A zafin ɗaki, duk lokacin da aka rage shingen da 0.06, gudun ayon yakan ninka sau 10. Idan aka rage shi daga 0.60 zuwa 0.36, an rage 0.06 sau huɗu ke nan, wato gudun zai ninka sau 10,000. Haka nan zafi yana taimaka wa ayon tsallakewa, shi ya sa Warburg sai da ya zafafa gilashinsa. A nan gilashi ya saɓa wa wayar tagulla, wadda zafi ke rage mata iya ɗaukar wuta. Tun da kuwa batirin waya ko na mota a zafin gari yake aiki, ba a cikin tanderu ba, aikin da ke gaban masana shi ne su sassauta riƙon, su kuma faɗaɗa ƙofar.

Farar Wuta a Madadin Oksijin

Babbar nasarar da aka samu ta zo ne daga Faransa wajen shekarar 1980, lokacin da masu bincike suka fara yin gilashin da aka cire masa oksijin aka sa salfa, wato farar wuta. Salfa da oksijin 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai, don haka salfa na iya zama gada, tana kuma iya zama marar gada. Amma ta fi oksijin girma. Idan aka auna daga tsakiya zuwa baki da pikomita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na mita, ayon ɗin oksijin 140 ne, na salfa 184, na litiyam kuwa 76 kacal.

Wannan girma yana rage shingen ta fuska biyu. Cajin salfa ya bazu a kan jiki mai faɗi, saboda haka riƙon da take yi wa litiyam sako-sako ne. Sannan gajimaren ilektiron da ke kewaye da ita mai taushi ne, yakan lotsa ya ba da hanya idan litiyam ya zo wucewa, ga shi kuma ƙofofin tun asali sun fi faɗi. Sakamakon haka, yayin da gilashin litiyam mai oksijin da ƙyar yake kaiwa 0.000001 a zafin ɗaki, na litiyam da fosfaras da salfa yana kaiwa kimanin 0.0001.

A irin wannan gilashi an ga ƙarara yadda saƙa ke juya gudun ayon. Idan aka haɗa sinadarin litiyam da salfa da na fosfaras da salfa rabi da rabi, dalolin fosfaras sukan sarƙe da juna, gudun ayon kuma ba shi da yawa. Idan aka ƙara na litiyam zuwa kashi 67 cikin ɗari, sarƙar takan tsinke, akasarin dalolin su koma bibbiyu da gada ɗaya a tsakaninsu. A kashi 75 kuwa kusan kowace dala tana zaman kanta, litiyam yana yawo a tsakaninsu. Gudun ayon yana ƙaruwa ne yayin da ragar ke ƙara warwarewa.

Buɗa Raga da Gishiri

Akwai wata dabara kuma, wato narkar da wani gishiri a cikin gilashin. A 1914 Carl Tubandt da Erich Lorenz a Jamus suka gano cewa gishirin azurfa da aidin, idan zafinsa ya wuce digiri 147, ayon ɗin azurfa suna gudu a cikinsa kamar a ruwa, alhali yana daskare. Da ya huce sai wannan hali ya ɓace. A shekarun 1970 aka gano cewa idan aka narkar da wannan gishiri a cikin gilashi aka sanyaya da sauri, ana samun gudun da ya kai 0.01 a zafin ɗaki. A 1981 masu bincike a garin Besançon na Faransa suka yi irin wannan da gishirin litiyam da aidin a cikin gilashin salfa, suka kai kimanin 0.001.

Manyan ayon ɗin aidin ba sa shiga cikin saƙar. Suna kutsawa ne tsakanin sassan ragar su ture su nesa da juna. A 1996 Jan Swenson da Lars Börjesson na ƙasar Siwidin suka kwatanta gilasai masu yawa irin waɗannan, suka nuna cewa ƙaruwar gudun ayon tana bin gwargwadon yadda gishirin ya buɗa ragar.

Al'amura Biyu Masu Ban Mamaki

Mai karatu zai iya zaton cewa idan litiyam na gudu, sodiyam ma na gudu, to haɗa su a gilashi ɗaya zai ba da wani abu tsaka-tsaki. Ba haka abin yake ba. Idan aka cire rabin litiyam aka sa sodiyam ko fotashiyam a madadinsa, gudun ayon yakan faɗi warwas, wani lokaci sau dubbai ƙasa da na kowane ɗayansu shi kaɗai. Dalili shi ne lokacin da gilashi ke daskarewa, kowane ayon yana gyara gurbinsa daidai da jikinsa. Girman sodiyam 102 ne, na fotashiyam 138. Gurbin da aka yi wa litiyam ya yi wa sodiyam kaɗan, wanda aka yi wa sodiyam kuma bai dace da litiyam ba. Tun da a lungu ɗaya suke zaune a cakuɗe, sai kowane ya tare wa ɗan'uwansa hanya.

Na biyu ya shafi boron. A gilashin boron zalla kowane atam na boron yana riƙe da oksijin uku. Idan aka zuba litiyam ko sodiyam, maimakon gada ta tsinke, sai boron ya karɓi oksijin na huɗu, ragar ta ƙara ɗauruwa. Philip Bray na Jami'ar Brown a Amurka ne ya auna wannan tun daga ƙarshen shekarun 1950. Sai masu yanka sun yi yawa sosai kafin oksijin marasa gada su fara yawaita. Amfanin wannan shi ne cajin ragi na boron mai hannu huɗu ya rabu a kan oksijin huɗu, bai taru a kan ɗaya ba, don haka riƙonsa ba shi da tsanani. Shi ya sa haɗa masu saƙa biyu, kamar boron da fosfaras, kan ba da gudun da ya fi na kowane ɗayansu. Ke nan haɗa matafiya iri biyu yana toshe hanya, amma haɗa masu saƙa iri biyu yana iya buɗe ta.

Daga Ɗakin Bincike Zuwa Batir

Gudun ayon ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. A farkon shekarun 1990 John Bates da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka suka ƙirƙiro wani gilashi na litiyam, fosfaras da oksijin, wanda naitirojin ya maye gurbin kaɗan daga cikin oksijin ɗinsa. Ana kiransa LiPON. Gudun ayon a cikinsa kimanin 0.000002 ne kawai, amma ana shimfiɗa shi da kaurin kashi ɗaya cikin dubu na milimita, don haka tafiyar gajera ce. Yana kuma jure zama kusa da ƙarfen litiyam zalla, har ana iya cajin ƙananan batura da aka yi da shi sau dubbai.

A Japan kuwa, Masahiro Tatsumisago da Akitoshi Hayashi na wata jami'a a Osaka sun bi wata hanya. Suna niƙa sinadaran a cikin injin niƙa mai ƙwallaye har su zama garin gilashi ba tare da an narkar da su ba. A 2005 suka nuna cewa idan aka ɗan zafafa gilashi mai kashi 70 na sinadarin litiyam da salfa, waɗansu ƙananan kiristal sukan tsiro a cikinsa, gudun ya kai 0.0032. A 2014, bayan an ƙara matse irin wannan abu da zafi, aka kai 0.017, wato an zarce ruwan batir. Gilashin salfa yana da wani alheri kuma: taushinsa ya sa ana iya matse garinsa a zafin ɗaki ya haɗe ya manne da sandunan batir.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sassaucin riƙon da ya sa litiyam ke gudu a cikin salfa shi ne kuma ya sa gilashin ba ya jure danshi. Da ya haɗu da laimar iska sai ya fitar da wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda haka dole a sarrafa shi a busassun ɗakuna na musamman, wanda ke ƙara tsada. A nan ma saƙar ce ke magana: a 2011 masu binciken Osaka suka gano cewa gilashi mai kashi 75, wanda kusan babu gadar salfa a cikinsa, shi ne ya fi ƙarancin fitar da wannan iska. Akwai kuma matsalar siraran jijiyoyin ƙarfen litiyam da ke iya tsirowa ta cikin tsagar ilektirolait har su haɗa sandunan biyu. Duk da haka, a watan Oktoban 2023 kamfanin motoci na Toyota da kamfanin Idemitsu suka ba da sanarwar yin aiki tare kan ilektirolait na salfa, da niyyar sa shi a motoci tsakanin 2027 da 2028.

Kammalawa

A taƙaice, saurin ayon a cikin gilashi ya rataya ne a kan abubuwa uku: yawan ayon ɗin da ke da 'yancin motsi, ƙarfin riƙon da ragar ke yi musu, da faɗin ƙofofi da haɗuwar lungunan da za su bi. Dukansu kuwa ana iya juya su ta hanyar zaɓen masu saƙa, da masu yanka, da gishirin da za a ƙara. Wannan ita ce falalar gilashi a kan kiristal: kiristal yana da ƙayyadadden gwargwado da ba ya son a taɓa, gilashi kuwa yana karɓar ƙari da ragi kaɗan-kaɗan har a sami abin da ake so. Matsalar da ta rage ita ce ragar da ta fi sakin ayon sau da yawa ita ce ta fi rauni a gaban danshi da zafi, wadda ta fi ƙarko kuma ita ce ta fi riƙe su. Samun saƙar da ta haɗa sauri da ƙarko a farashin da mai saye zai iya biya shi ne aikin da ke gaban masana kimiyyar gilashi da ɗalibansu.